Bulalar da Kawu Ya Ajiye a Kasuwar Gure

Daga Allah muka zo, gare shi za mu koma, har da waɗanda ba mu san ta wace ƙofa za su shiga wurinsa ba. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya cika da hantsi a tsakiyar bazara, a ɗakin da ke bayan rumbunmu nan Gure, yana tarin jini. Ina rubuta wannan da baƙin boko da shi ya koya mini, don na ga alama garin nan so yake ya manta da shi da wuri, ni kuma ban yarda ba.

Mutane sun zo gaisuwa, ba zan yi musu ƙarya ba, amma ban taɓa ganin ta'aziyyar da ta ɗaure wa jama'a harshe irin wannan ba. Mutum zai shigo zaure, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya buɗe baki zai ce Allah ya jiƙansa, sai ya tuna ko wane ne mamacin, ya haɗiye maganar, ya ce Allah ya ba da haƙuri. Kawu Kirista ne, mai wa'azin bishara, shi kaɗai tal a duk ƙasar nan. Kafin wannan kuma gardin kumandan ne, cikin masu jar hular nan da ke kora mutane aikin tilas da bulala. Saboda haka masu gaisuwar kashi biyu ne, akwai masu jin haushin addininsa, akwai masu ɗauke da tabonsa a jiki, da yawa kuma sun haɗa duka.

Mahaucin unguwarmu ya zauna, can ya ɗage rigarsa ya juya wa mutane baya. Ya ce, “Wannan aikinsa ne.” Ya saki rigar, ya share ido da bayan hannu, ya ƙara da cewa, “Ni ma na bar nawa a bayansa. Mun rabu lafiya.” Wani dattijo ya tofar da yawu a bakin zaure ya tafi. Liman ya zo, mutumin kirki ne, ya kira ni gefe ya yi magana ƙasa-ƙasa.

“Ɗana, na zo ne don uwarka. Ka san ba zan sallace shi ba, maƙabarta kuma ta Musulmi ce. Kada ka sa ni faɗin wannan a gaban jama'a.”

Inna ta ji daga bayan danga. Ta ɗaga murya ta ce to a jefar mata da yayanta a juji kamar mushen jaki, in haka ne addini ya ce. Rana tana ta hawa, gawa ba ta jiran shawara a bazarar Gure, mutanen mishan suna can Damagaram tafiyar kwanaki, ni kaɗai kuwa ba zan haƙa rami a yashin da ke rufta wa mutum ba, balle in ɗauki makara. Na ce ina da gona a bakin hanyar Kelle, can zan kai shi, wa zai taya ni? Kowa ya samu abin kallo a tabarmar da yake zaune.

Bari in bar su a zauren tukuna, in faɗi wane ne wannan da aka rasa mai haƙa masa.

Dogo ne, baƙi, mai faɗin kafaɗa, muryarsa kamar ana mirgina turmi. Tun ina saurayi in aka ce ga shi nan tafe da jar hula, maza kan shige cikin gero su kwanta. Inna kanta ba ta faɗin sunansa a rijiya. A aikin hanyar mota ne ya yi abin da ya bi shi har kabari. Wani saurayi daga ƙauyukan Kelle, zazzaɓi na cinsa, ya faɗi da kwandon dutse a ka. Kawu ya ce ya tashi, bai tashi ba, ya sa masa bulalar dorina, ya yi ta yi har yaron ya daina motsi. Aka ja shi gefen hanya, ayarin ya wuce gaba. Da uwarsa ta samu labari ta zo nema, kuraye sun riga ta. Layar wuyansa ta tsinta da ɗan abin da ba zan rubuta ba.

Bayan wannan ya ɓace mana. Muka ji ƙafarsa ta ruɓe, an karɓe hular, yana kwance a Damagaram wurin wasu Turawan mishan masu wanke gyambo. Da ya warke bai tafi ba. Ya fara da ɗebo musu ruwa, ya koma kuku, ya zauna cikin yara da furfurarsa yana koyon a da ba, aka yi masa baftisma, aka fara ba shi Littafi ya karanta a gaban masu zuwa magani. Sau ɗaya na tambaye shi abin da ya ja shi, don ni har yau Musulmi nake, kuma a kan haka zan mutu in Allah ya so.

Ya ce, “Ina hura wuta na ji ana karanta labarin wani da aka yi wa bulala bai buɗe baki ba. Ni na san aikin nan, ɗan ƙanwata. Ba wanda ba ya buɗe baki. Sai na ce zan tsaya sai na san mutumin.”

A shekarar da fara ta cinye mana gero, farkon shekarun talatin a lissafin Nasara, aka ce za a tura shi wa'azi, aka ba shi zaɓin garuruwa masu sauƙi. Ya ce Gure. Ya iso da jaki da akwatin magani, matarsa ta riga ta rasu can, ya yi sallama a ƙofarmu kamar jiya ya fita. Inna ta zage shi tas, ta yi kuka, ta share masa ɗaki.

Aikin da fari dariya ya ba ni. Rumfata ta gishirin mangul tana kusa da wata tsamiya a kasuwa, nan yake shimfiɗa buzu ya buɗe Littafi ya yi ta karatu da muryar nan tasa. Ba mai tsayawa. Mata kan canja hanya, samari su jefe shi da kashin raƙumi. Nakan ce masa, “Kawu, yau jama'arku ta cika, ga ku ga jakinku.” Sai ya harare ni ya ce jakin ya fi ni saurare. Ba mutum ne mai sanyin hali ba, kada wani ya zo nan gaba ya mai da shi waliyyi. In yana naɗe wa mutum kurkunu a tsinke, hannunsa a hankali kamar na ungozoma, bakinsa kuwa faɗa yake yi, me ya sa ka sha ruwan tafki, me ya sa ba ka zo da wuri ba. In aka kira salla ina ciniki, shi ne zai buga mini tsawa, “Kai, an kira, tashi ka yi taka. Ba na son zama kusa da mutumin da ba ya riƙe da komai.”

Wata ranar kasuwa ya zo da abu a naɗe cikin tsumma. Ya kwance, sai ga dorinar, ita dai, baƙa ƙirin don shan mai da abin da ba mai ba. Ya ajiye ta a ƙasa, ya tuɓe riga, ya durƙusa ya dafa tsamiya.

Ya ce, “Mutanen Gure, kun ƙi jin maganata, kuma kun yi gaskiya. Duk wanda na taɓa doka, ga ta nan. Ya zo ya karɓi nasa.”

Kasuwa ta yi tsit har kana jin ƙudaje a kan nama. An daɗe ba wanda ya motsa, kowa na zaton tarko ne. Can mahauci ya ajiye wuƙa ya taho, ya ɗauka ya ɗan shauɗa masa kamar mai korar akuya. Kawu ya waiwayo a fusace.

“Haka na yi maka? Riƙe ta daga ƙasa, ka ja baya taku guda, ka saki kafaɗa.”

Mahauci ya saki kafaɗa. Na ji ƙarar a cikin haƙorana. Fata ta tsage daga kafaɗa zuwa ƙugu, jini ya bi wando, ya ƙara, ya ƙara, yana duka yana kuka yana kiran sunan hanyar da aka yi musu aikin. Kawu ya buɗe baki, ya yi gurnani kamar sa, don shi ba irin mutumin Littafinsa ba ne, shi ma ya sha faɗin haka da bakinsa. Da mahauci ya gaji ya yar da bulalar, Kawu ya jawo Littafi da hannu mai jini, ya karanta 'yan layuka, a karon farko kuwa kasuwa ta tsaya ta ji.

Haka aikinsa ya koma. Ba kowace kasuwa ba, sai bayan ya warke, amma labari ya kai Gamu, ya kai Alakos, mutane suka riƙa zuwa da tsofaffin tabbansu. Ni ne mai wanke masa baya da ruwan mangul, Inna na riƙe da ƙwarya tana tsine wa taurin kansa. Ya san kowa. Yakan dubi mutum ya ce a wuri kaza ne, kana ɗauke da kaza. In wani ɗan iska ya zo don marmarin dukan tsohon gardi, sai ya ce masa juya, ya duba, ya ce, “Ban san bayan nan ba. Tafi tun ban tashi ba.” Kuma ana tafiya.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa ɗaukar bulalar ba, uwar yaron nan da ya kashe a aikin hanya. Tsohuwa ce 'yar Manga, ƙarama, busasshiya, takan zo daga wajen Kelle da tabarmin kaba da igiya. Tun da ya fara, ta maido kayanta daidai gaban tsamiyar, ta zauna tana saƙa tana kallo, ba ta murna ba ta kau da kai. Duk ranar kasuwa, kafin ya buɗe Littafi, sai ya ɗauki bulalar da hannu biyu ya je ya durƙusa a gabanta.

“Iya, ga ta.”

“Mai jar hula, tashi, ka tare mini masu saye.”

Kullum haka, shekara ta bi shekara. Ita ba ta taɓa kiransa da wani suna ba. Ranar da ya matsa mata, ya kifa goshi a ƙasa a gaban mutane ya ce ta yi wa Allah ta ɗauka, ko sau ɗaya ne, sai ta ajiye saƙar.

Ta ce, “Na ga waɗanda suka doke ka, na ga yadda kake tashi da sauƙin rai. In na doke ka za ka samu barci. Ba zan doke ka ba.”

Ban taɓa ganin an yi wa Kawu dukan da ya kai wannan ba. Ya dawo tsamiya, ranar ko karatun bai yi ba.

A kanta ne ya yi rigimarsa da Baturen mishan, wanda ya yi masa baftisma. Baturen ya zo rangadi ya sauka a zaurenmu, da albishir a bakinsa: za a tura Kawu makarantar Littafi can kudu, ƙasar Ingilishi, ya dawo a ɗora masa hannu ya zama fasto, mai ikon yi wa wasu baftisma. Ni na san yadda Kawu yake ƙishin wannan. Har farar riga ya ba tela ya ɗinka masa tuntuni, tana ƙasan akwati, yakan fito da ita ya kaɗe ya mayar. Suna cikin murna Baturen ya dafa masa baya, Kawu ya ɗan zabura, aka ce ya ɗaga riga. Fuskar Bature ta koma kamar gauta.

Ya ce, “Almasihu ya riga ya sha duka dominka. Wannan da kake yi girman kai ne, kana so ka biya abin da aka riga aka biya.”

Kawu ya ce, “Malam, na yarda. Tsakanina da Allah an gama. Amma mahaucin nan ba a gabansa aka biya ba. Da nake karatu da riga ba mai tsayawa. Yanzu suna tsayawa, ko don su ga jini, kuma suna tafiya da abin da suka ji.”

“Mutum nawa suka tuba?”

“Ko ɗaya.”

Baturen ya ce to ga sharaɗi, a ƙone bulalar yau, ya bar Gure, in ba haka ba a ba wani gurbin. Ba mugun mutum ba ne, idonsa ya kawo ruwa yana maganar, kuma ni a raina ina bayansa. Kawu ya ce akwai wata tsohuwa da ba ta karɓi nata ba, ba zai tafi ya sa farar riga ya bar ta a bakin tsamiya ba. Murya ta hau, har Inna ta leƙo. Da motar Bature ta tashi, Kawu ya shiga gida ya ɗaga randar Inna da ruwanta ya maka da ƙasa. Washegari ya je ya sayo wata ya ɗauko a ka. Na ce masa wauta ya yi, har yanzu kuma ban janye ba. Aka naɗa wani, shi ya ci gaba da zama mai bishara a gindin tsamiya, shi da jakinsa.

Abin da ya kashe shi bai zo daga inda muke tsoro ba. Masu jar hula na yanzu suka ga cewa garin da ya saba ganin bayan gardi yana tsagewa zai iya fara tunani. Wata ranar kasuwa suka zo da bindigogi a kafaɗa, babbansu yaro ne da Kawu ya koya wa fareti. Ya shuri Littafin, ya ɗauki dorinar, ya ce tunda duka yake so, yau zai ƙoshi, don ya zubar wa hula da mutunci.

Kawu ya miƙe tsaye. Ya ce, “Ajiye ta. Tana da masu ita, kai ba ka ciki.”

Yaron ya ɗaga hannu. Kawu ya cafke hannun a sama ya murɗe, muka ji ƙashi ya yi ƙara kamar an karya kara, bulalar ta faɗi. Sai sauran suka rufe shi da gindin bindiga. Suka kai shi ƙasa, suka yi ta sara a haƙarƙari, suna tattaka shi da takalmi, shi kuwa ya kife a kan bulalar ya ƙanƙame ta a ciki kamar kaza a kan ƙwai. Na yi kansu, aka fasa mini baki, mahauci ya ja ni baya. Da suka ga jini na fita ta hanci da baki, suka ɗauki mai karyayyen hannunsu suka tafi, ko kaso ba su kai shi ba. Tsohuwar tana zaune a wurinta, ta gani daga farko har ƙarshe.

Ya yi 'yan kwanaki yana tari. Da safen da zai cika, ya kama hannuna ya tambaya ko ta zo. Na ce kasuwa ba ta zagayo ba tukuna. Ya ce haka ne, ya juya fuska bango.

To, mu koma zaure. Rana ta take tsaka, masu gaisuwa sun fara zamewa da ɗai-ɗai, na tashi na ɗauki dagi zan tafi gona ni kaɗai, abin da zai faru ya faru. A bakin ƙofa na ci karo da tsohuwar. Ta sha tafiya, don tun da ta ji yana bakin mutuwa ta taso, ƙafafunta fari fat da ƙura, bayanta surukanta ne da jikokinta, manyan maza, kowa da dagi ko galma a kafaɗa, fuska a murtuke kamar waɗanda aka kora aikin tilas. Ba ta yi wa kowa ta'aziyya ba.

“An ce ba mai haƙa masa.”

Na ce, “Haka ne, Iya.”

Ta juya wurin mazan ta yi musu magana da Barbarci, suka nufi hanyar gona. Na durƙusa zan yi godiya ta ɗaga mini hannu.

“Kada ka gode mini. Nawa a bakin hanya aka bar shi, kura ta ci. In aka bar wannan ma kura ta ci, sai ya ce mun yi daidai. Ba mu yi daidai ba. A haƙa masa mai zurfi.”

Mahauci ne ya fara tashi ya bi su, sannan wani, sannan wani. Liman bai tafi gona ba, amma ya aiko da ƙyallen fari daga gidansa bai ce na mene ne ba. Muka wanke Kawu ni da mahauci, ban san yadda Kirista ke yi ba, na dai sa masa farar rigar nan ta ƙasan akwati, muka naɗe shi. Muna shirin ɗauka sai tsohuwar ta shigo har tsakar gida ta tsaya a kan makara.

“Ina bulalar?”

Inna ta fashe da kuka ta ce ashe sai yau, a kan gawa, ta ji tsoron Allah. Na shiga ɗaki na ɗauko, don na san da yana da rai da rarrafe zai kai mata. Na miƙa da hannu biyu yadda yake yi. A karon farko ta karɓa. Ta juya ta a hannu, ta shafa bakin bulalar da ɗan yatsa. Sai ta naɗe ta a hankali kamar yadda take naɗe igiyarta ta sayarwa, ta sunkuya, ta ɗaga gefen likkafani ta cusa masa a ƙarƙashin hannu.

Ta ce, “Kullum yana kawo mini, ba ni ya doka ba. Mai ita yana can. Ya kai masa.”

Da bulalar muka binne shi, a bakin hanyar Kelle.